Ƙurar da ke tsakaninmu da taurari

Daren da na kwana a kan dutsen Assekrem, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset, sanyi bai bar ni na runtsa ba. Na fito dunƙule cikin bargo, na tarar da Buzun da ya tuƙo mu yana hura gawayin shayi. Farin layin taurarin nan da ke ratsa sama ya fito fes, sai dai tsakiyarsa duk baƙaƙen tabo, kamar zanen da gara ta ci. Na ɗauka babu taurari a wurin. Ashe suna nan, ƙura ce ta tare su.

Robert Trumpler ne ya tabbatar da haka a 1930, a cibiyar duba taurari ta Lick da ke Amurka. Ya lura taurari masu nisa sun fi dushewa fiye da yadda nisansu ya isa ya sa, kuma launinsu ya karkata zuwa ja, kamar rana a bayan hayaƙin gobarar daji. In ka san ainihin launin tauraro, ka ga wanda ya iso idonka, bambancin shi zai faɗa maka yawan ƙurar da hasken ya keto. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya auna nisan taurari fiye da biliyan ɗaya, taswirar da aka zana da awon nasa kuma ta nuna ranarmu na zaune cikin wani wawakeken fili mai ƙarancin ƙura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a can Tamanrasset akwai na'urar da aikinta kallon rana, tana auna hasken da ƙurar Sahara ta rage. Dabarar ɗaya ce. Mu kuwa da hazo ke sauko mana duk hunturu, ya tsayar da jirage a Kano, ya cika mana ƙirji, iyakarmu mu ja rawani mu toshe hanci.

Na san wani zai ce ana fama da tsadar gero, wa ke ta taurari? Ni ma buhun nake saye. Amma ƙaramin madubin hangen nesa da kyamara ba su kai kuɗin Hilux ɗaya ba.

Malaman kimiyya na Kano, Sakkwato da Maraɗi, ku fitar da ɗalibanku bayan gari da daddare, a fara da Kaza da 'ya'yanta.