Makullin kwamfutarmu yana hannun wa?

 Maganar da muka taɓo a shirin safe ba ta ƙare ba, lokaci ne ya yanke mu, shi ya sa muka kawo ta nan a rubuce. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, amma sai mun faɗa.

Bari mu fara da kanmu, kada a ce mun ga laifin wani mun taka namu. Bara, kwamfutar da muke haɗa shirye-shirye da ita ta kamu da birus. Wani ne ya zo da kile ɗauke da sanarwar ɗaurin aure, aka soka, shi ke nan. Washegari babu abin da ke buɗewa. A ciki akwai hirarrakin da muka yi da dattawa kan fatauci tsakanin Damagaram da Kano, kuma biyu daga cikinsu Allah ya yi musu rasuwa. Mai gyara ya duba ya ce sai dai a share komai. Laifin wa? Namu. Windows ɗin da ke ciki na sata ne, an toshe masa hanyar karɓar gyara don kada kamfanin ya gane, maganin birus ɗin ma na sata ne.

Kuma mun san ba mu kaɗai ba ne. A sayo kwamfutar okaziyo daga Beirut Road a Kano ko Kasuwar Dole a Damagaram, a ba mai gyara jika ɗaya ko biyu, ya zuba Windows da Word da Excel waɗanda aka fasa musu makulli. Da ita ake buga takardun filaye, sakamakon ƴan lekol, lissafin ƙungiyoyin mata masu adashe. Ba wanda ke tambaya: shi wanda ya fasa makullin nan ya saka kyauta a intanet, don Allah ya yi? Me ya cusa a ciki?

Yanzu ga wani sabon zance. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Akwai ɗan ƙarin wa'adi ga masu lasisin gaske da suka yi rajista, mu ko ba ma cikin wannan layi. Windows 11 kuwa yana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da injin zamani, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocinmu ba su da shi. Ma'ana, na'urarka lafiyarta ƙalau, amma wani a Amurka ya yanke cewa ta tsufa. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da birus mai suna WannaCry ya bi ta kwamfutocin da ba su karɓi gyara ba a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

Mu mutanen bakin iyaka, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bayan 26 ga Yulin 2023 mun ga yadda aka rufe hanyar nan, motoci suka tsaya, aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Mun ɗanɗana yadda rayuwa take idan makulli yana hannun wani. To a fannin manhaja ma haka ake yi. A 2019 gwamnatin Amurka ta sa Google ya janye manhajojinsa daga sabbin wayoyin Huawei. A Maris na 2022 Microsoft ya dakatar da sayar da kayansa a Rasha. Kullum muna maganar ƴancin ƙasa a taro da rediyo, amma takardar da aka rubuta jawabin a kanta, da manhajar aro aka buga ta, aron ma na sata. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Alhali akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, wadda masu Faransanci ke kira logiciel libre. Manomi zai gane ta nan take. Akwai irin da sai ka koma shago kowace damina, akwai kuma irin geronmu na gida da kake ajiyewa a rumbu, ka shuka, ka ba maƙwabci, ka zaɓi mai kyau ka inganta. Buɗaɗɗiyar manhaja irin gida ce: rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na da izinin dubawa, gyarawa da rabawa. Ka kwafa wa mutum ɗari, ba ka yi sata ba.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, sunan ma kalmar Afirka ce mai nufin mutuntaka. Akwai Linux Mint mai kama da Windows a ido, akwai Lubuntu mara nauyi da ke tayar da tsohuwar na'ura. LibreOffice yana aikin Word da Excel, yana buɗe takardunsu. Audacity yana haɗa murya, da shi muke aiki yanzu. Kuma Linux yana zuwa da tsarin rubutun Hausa, ka buga ɓ, ɗ, ƙ ba tare da wahala ba.

Mun san abin da za a ce, an ma faɗa mana a waya: araha ba ta ado. To, VLC mai alamar hular hanya, wanda kowa ke kallon fim da shi, buɗaɗɗe ne, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka fara shi. Ya taɓa ba ku kunya? Android da ke cikin salularku a kan Linux aka gina shi. Jandarmomin Faransa tun 2008 suka fara mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke a 2024 cewa kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 za su koma LibreOffice da Linux. Su da ke da kuɗin lasisi suna neman hanyar fita, mu da ba mu da shi mun rungume na sata. Ina hikimar?

Ba za mu yi muku ƙarya ba, akwai ɗan wuya. Makon farko hannu zai yi ta neman abu inda ya saba. Wata na'urar buga takarda sai an yi fama kafin ta amsa. Wata takardar Word mai yawan ado takan ɗan karkace. Shi ya sa muke cewa a fara gwadawa daga kile: Linux yana tashi daga kansa ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Idan ya yi maka, ka kwashe takardunka waje guda, sannan ka zuba.

A salula kuwa, kada wani ya ruɗe ku da cewa zai sauya muku tsarin wayar gaba ɗaya. A yawancin ƙananan wayoyin da muke riƙewa, ƙarshenta waya ta mutu. Ku fara da manhajoji. Ku cire GBWhatsApp da danginsa. Ba buɗaɗɗu ba ne, kwafi ne da wani wanda ba ku sani ba ya taɓa, hotunan iyalinku da saƙonnin kuɗinku suna iya faɗawa hannunsa, kuma WhatsApp yana rufe lambar masu amfani da su. Akwai Firefox, akwai Signal, akwai rumbun F-Droid wanda buɗaɗɗun manhajoji kaɗai ke ciki. Akwai Kiwix da ke ajiye Wikipedia a waya, ɗalibi ya karanta ko babu rezo, ko forfe ya ƙare.

Kiranmu ga mutum huɗu ne. Masu gyara, ƙannenmu, ku koyi zuba Linux, ku riƙa ba mai kaya zaɓi. Abincinku ba zai ragu ba, sana'a ce za ta ƙaru. Masu cibiyoyin koyarwa, ku koya wa yara aikin rubutu da lissafi a kwamfuta, ba haddar maɓallan kamfani guda ba. Shugabannin lekol da na komin, kafin ku jibge tsofaffin kwamfutoci a magaza ku rubuta neman sababbi, ku sa a gwada ko da guda ɗaya. Ɗalibanmu da ke Jami'ar André Salifou ta Damagaram, idan kun zo hutu, ga aikin gayya yana jiranku.

Mu dai muryoyin dattawan nan biyu sun tafi, ba za su dawo ba. Kada wani ya jira sai takardar gonarsa ta bi su. Ranar Asabar za mu sake buɗe layi kan wannan batu, masu gyara musamman muna jiran ku, ku zo ku kare kanku. Allah ya sa mu gane, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu da maƙwabtanmu. Amin.