Direban da ke gyangyaɗi ba abokin hira yake nema ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata dabara da masu ƙera mota a Turai da Amurka ke yayatawa, kuma na ji wasunmu na yaba ta sai ka ce an gano maganin mutuwa. Wai a sa wa mota murya irin ta Siri ko Alexa, ta dinga jan direba da hira cikin dare, ta yi mishi tambaya, ta ba shi labari, don kada barci ya sace shi. Ni dai ban yarda ba.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Tun 2001 kamfanin IBM ya yi rajistar wata kwamfuta mai zama kamar fasinja: tana tambayar direba, in amsa ta yi jinkiri sai ta buɗe gilashi, ta yi ƙara, ko ta fesa mishi ruwan sanyi.

Ga abin da na koya a ajin ilimin harshe: ba kowace magana ke buƙatar hankali ba. Roman Jakobson ya ware wani aiki na harshe wanda amfaninsa kawai riƙe igiyar hira kada ta tsinke. "To." "Haka ne." "Ikon Allah!" Wane ne cikinmu bai taɓa yin hirar dare da aboki yana amsa "uhm, uhm" ba, alhali ya yi nisa? Baki na aiki, mai bakin ba ya nan. Mu Hausawa ma abin ya fi tsanani. Tambayi mutumin da ya wuni yana noma, "Ina gajiya?" Mi zai ce? "Ba gajiya." Amsar tana nan a shirye tun kafin a yi tambayar, kuma namiji ba ya faɗin ya gaji gaban mutane. To mashin ɗin da zai auna barci da amsa, mi zai auna? Balle Siri da Alexa ba sa jin Hausa. Da faransanci za su yi wa direbanmu magana, in ya tsaya lalubar kalma su ce barci ne.

Wani zai ce a tsaurara tambayoyin, a ba shi lissafi ko kacici-kacici. To, an kori barci na ɗan lokaci, an kuma ɗauke hankali daga titi. Karen mota yana ganin hanya, in shanu suka ɓullo sai ya yi shiru ko ya yi ihu. Murya cikin akwati ci gaba da labarinta za ta yi.

Barci kuwa ba kaɗaici ne ke kawo shi ba, bashi ne jiki ke bin mutum. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarinsa ya faɗi kamar na mai giya kashi 0,05 cikin ɗari a jini, wato iyakar da dokar Faransa ta sa wa mai tuƙi. Ƙwaƙwalwa kan ɗauke na ƴan daƙiƙu, ido a buɗe, mutum bai sani ba. A gudun kilomita 90 cikin awa, daƙiƙa 4 mita 100 ke nan. Filin ƙwallo guda, mota ba mai ita.

Wa dabarar za ta amfana? Nan ne fushina yake. A Tarayyar Turai direban babbar mota in ya yi awa 4 da rabi, dole ya huta minti 45, kuma akwai na'urar da ke rubuta awoyinsa. Tun 2009 Mercedes ke nuna wa direba hoton kofin kafe in tuƙinsa ya fara tangaɗi, kuma daga Yulin 2024 kowace sabuwar mota a can sai da irin wanga gargaɗi. Ba ni da faɗa da shi, don cewa yake a tsaya. Mai hira kuwa cewa yake a ci gaba.

Ku kawo shi hanyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ku ba direban kamiyo da uban gidansa ke ƙirga mishi kwanaki. Ya riga ya ci goro, ya sha shayi, ya sha Nescafé, wasu har tramol. Muryar nan tramol ce mai magana: ta ɓoye gajiya, ta ba mai mota hujjar cewa, "Ai na sa maka abokin hira, mi ya tsai da kai a Ƙonni?"

Abin da za mu nema ba ya buƙatar intanet: direba na biyu a doguwar tafiya, wurin kwanciya a Doso da Ƙonni da Maraɗi, da ikon tsayawa ba tare da an yanke wa mutum kuɗi ba. Mu kanmu muna da laifi. Lokacin hutu, in direban kar ya tsaya ya miƙe a tabarma na minti 20, su wa ke fara buga gilashi suna "Malam direba, dare na yi, mu tafi"? Galibi mu ne, masu jakar littattafai a kujerun baya.