Kwalbar Makera da Shirunmu

Ba na shan giya, kuma ban zo in halatta wa kowa abin da Allah Ya haramta ba. Na fara da wannan ne don na san akwai masu karatun da za su tsaya a layin farko su yanke hukunci.

Wani dattijo Kirista a Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa tun zamanin da hayaƙin KTL da UNTL ke rufe sararin Kakuri, ya taɓa zaunar da ni yana nuna mini yadda yake shan Johnnie Walker Red Label, wiskin da ya ce shi ne daidai aljihun ɗan fansho. Ya zuba kaɗan, ya ɗiga ruwa, ya shinshina kafin ya kurɓa. Ya ce akwai ɗan hayaƙi-hayaƙi a ƙanshinsa, da yaji irin na masoro a harshe, sannan wani zaƙi mai saurin gushewa. Ya ce ba na manya ba ne, amma ba ya yi wa mutum ƙarya. Daga nan ya bugi ƙirji cewa harshensa kaɗai ya isa ya rarrabe masa na gaske da na jabu. A nan muka rabu.

Wiskin Sikotland na gaske yana da doka a bayansa. Ƙa'idojin 2009 na Birtaniya sun shardanta a yi shi a Sikotland, ya zauna aƙalla shekara 3 a gangar katako, ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Mai arha irin Red Label haɗi ne na wiskin sha'ir da na sauran hatsi. Sai dai dokar ba ta rako kwalbar zuwa Makera ba. Kwalbar da aka shanye ba ta mutuwa a bola. Ana tsince ta, a wanke, a sake cikawa. Mafi munin abin da ake iya zubawa ciki shi ne metanol, sinadarin masana'antu wanda kamanni da ƙanshinsa suka yi kusa da na barasar sha, har babu harshen da zai iya dogara da kansa, komai gogewarsa.

Hanta ce ke juya metanol ya zama guba mai cin jijiyar gani. Alamun sukan jinkirta, sau da yawa awa 12 zuwa 24, sai mai shan ya ɗauka gajiyar jiya ce. A Afrilun 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, watanni biyu bayan haka wasu gommai suka bi su a jihar Ribas, duk daga ogogoro mai metanol.

Za a ce wannan matsalar Kudu ce. To, tun rikicin Fabrairun 2000 muka mai da kogin Kaduna katanga, muka gamsar da kanmu cewa barasa tana tsallaken gada. Amma gadar ba ta tambayar addinin mai wucewa da daddare, kuma duk wanda ya san Makera da Kakuri da Barnawa ya san ba Kiristoci kaɗai ke cika kujerun mashaya ba.

Wannan ne ya sa na fi jin tsoro ga namu. Dattijon nan, in idonsa ya fara dishi-dishi, zai gaya wa likita abin da ya sha ba tare da jin nauyi ba. Alhaji ma'aikacin banki kuwa zai ce zazzaɓi ne. Iyalinsa za su rufa masa asiri, a yi ta maganin cizon sauro, alhali gubar metanol tana da magani idan an zo da wuri, har da wankin jini irin na masu ciwon ƙoda. Kowace awa da kunya ta cinye, daga ganinsa ake cire ta.

NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda a Fabrairun 2024, an yi ta muhawara da Turanci, gidajen rediyonmu na Hausa kuwa kamar ba a ƙasarsu ake yi ba. Muna iya yin shiri na awa guda a kan kodin da tiramol, amma mu kasa furta jumla ɗaya: wanda ya sha, ya ji ganinsa na raguwa, ya tafi asibiti yanzu ya faɗi gaskiya. Malamin da ke wa'azin haramcin giya ba zai rasa komai ba idan ya ƙara wannan jumlar. Likitocin da ke karanta wannan wasiƙa kuma su koyi yin tambayar bayan sun fitar da 'yan rakiya daga ɗaki.