Magidanta, kada yaro ya jira komowarmu daga gona

Mu magidanta, da damana muna sammako gona, ba mu komowa sai la'asar. Idan masassara ta kama yaro da hantsi, uwa takan zauna jiran izininmu da kuɗin magani. Wannan jira ya yi mana hasara, domin masassarar cizon sauro tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana 2.

Tun kafin mu ɗauki hauya, mu ba iyali izinin zuwa likita, mu bar musu kuɗi. Maganin riga-kafi da ake rabawa kowane wata, mu tabbata yaro ya sha na kwana 3 duka. Da dare ya kwana cikin sange. Noman yini guda ana rama shi. Ran ɗa ba shi da ramuwa.