Mafarki Ba Shaida Ba Ne

Duk ɗalibin da ya karanta wasan kwaikwayon The Crucible, wanda Arthur Miller ya rubuta a 1953, ya rufe littafin yana tausaya wa Turawan Amurka kaɗai, to a ganina bai karanta shi ba. Wasan ya ginu ne a kan abin da ya faru a garin Salem a 1692, inda wasu 'yan mata suka riƙa faɗuwa suna kiran sunayen maƙwabtansu da cewa su ke kama su. An zargi mutum fiye da 200, aka rataye 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har rai ya yi halinsa. Babbar hujjar kotun ita ce a ce an ga siffar wane a mafarki ko a gigin ciwo. Wace uwa ce a Dutsi ba ta san wannan salon zargi ba?

Mu a nan maita muke ce masa. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, zafin jiki ya sa shi sambatu, ya ambaci tsohuwar da ya saba gani a ƙofar gida. Kafin a nemo mai babur zuwa asibiti, an riga an yanke hukunci cewa ta kama masa kurwa. Sai a jawo ta a ce ta tsallake shi. In ta ƙi, an ce rashin gaskiya ne. In ta tsallake ya warke, an ce ta sake shi. In ya mutu, an ce ta cinye. Shari'ar da ba ta bar wa wanda ake tuhuma ƙofar fita ko ɗaya ba, sunanta zalunci. Haka aka yi a Salem: wanda ya amsa laifin ƙarya ya tsira, wanda ya tsaya a kan gaskiyarsa ya hau igiya.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. A watan Fabrairun 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a gonarta a 2023. Dalilinsu shi ne matar ɗayansu, tana kwance ba lafiya, ta yi mafarkin tsohuwar na bin ta da wuƙa. Shekara 331 tsakanin Salem da wannan gona, hujjar kuwa ba ta sauya ba.

Na san abin da za a ce mini: ai sihiri gaskiya ne. Ba wannan nake gardama a kai ba. Yarda da samuwar sihiri daban, tabbatar da cewa wance ce ta aikata shi daban. Addinin da muke taƙama da shi ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, ya nemi shaidu huɗu ga mai zargin zina, ya tanadi bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su. Ta yaya mutuncin da aka killace haka zai zube da mafarkin mara lafiya? Mu kuma duba waɗanda ake zarga: zawarawa, tsofaffin da 'ya'yansu suka rasu, baƙi, matalauta. Maitar da ba ta taɓa shiga gidan mai kuɗi ba, abin tuhuma ce ita kanta. Tabon kuma ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, domin jikokinta ma sai a guji aurensu.

Mutanen Salem sun farga. Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoban 1692, alƙali Samuel Sewall ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697, hukuma ta biya iyalai diyya a 1711. Mu har yau mai zargi yakan koma gida ya yi barcinsa, alhali dokar laifuffuka ta Arewa ta ɗauki jefa wa mutum maita a matsayin laifi.

Saboda haka ina kira ga malaman adabi a makarantun Dutsi su koyar da wasan nan tare da labarinmu, su sa ɗalibai su juya shi da Hausa su nuna a dandali. Ina kira ga hakimai da dagatai na masarautar Katsina su mayar da tambayar farko kan mai zargi: ina hujjarka? Limamai su ɗauki batun a huɗuba. Yaron da ke sambatu kuwa, likita yake buƙata, kuma duk mintin da aka ɓata wajen jan tsohuwa, daga ransa aka cire shi.