Motar Lantarki da Turkenta

 Ina so in yi muku magana a kan motar nan da ba ta shan fetur, wadda ake cika ta da wutar lantarki, domin na ga masu iyali sun fara sha'awarta tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka. Nufina in bayyana abin da mai ita ke gamuwa da shi a watanninsa na fari, bayan dillali ya karɓi la'adarsa ya tafi.

Ku sani ba baƙuwa ba ce ƙwarai a ƙasar nan. A shekarar 2020 aka nuna wata mai suna Hyundai Kona, wadda aka harhaɗa a Ikko. A 2021 kuwa hukumar da ke kula da ƙera motoci, zamanin shugabancin Jelani Aliyu mutumin Sakkwato, ta kafa wurin cika irinta da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Da ita zan yi misali, zama lissafinta sananne ne.

Kwanakin farko daɗi ne zalla. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba layi a gidan mai. Ba a yi mata juyen baƙin mai, ba ta da fulogi balle a sake shi. Birkinta ma yana daɗewa, domin kadan direba ya ɗaga ƙafa injin da kansa ke rage gudu, ya mayar da ƙarfin cikin batir. Wannan duka gaskiya ne, ban ga abin musu ba.

To, amma wanda zai sayi doki, ai kafin ya taya sai ya tanadi turke da harawa. Turken wannan mota yana gida, harawarta kuwa wuta ce. Batirin Kona babba yana ɗaukar yunit 64, irin wanda mita ke ƙirgawa. Kadan an kafa mata akwatin caji nata na musamman a bango, sai ta yi sa'a tara da wani abu kafin ta cika. Kadan kuwa soket ɗin ɗaki aka sa mata, sai ta kwana ta wuni ba ta ƙoshi ba, har wajen sa'a talatin. Ya kai mai karatu, tsaya ka ƙirga da gaskiya: sa'a nawa wuta ke zama a unguwarku a jere?

Ga lissafin kuɗi. A watan Afirilu 2024 aka sa wa gidajen rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, Naira 225 kowane yunit. A wancan farashi, cikon batir ɗaya ke nan Naira 14,400, da ɗan ƙari na wutar da ke ɓacewa wajen caji. Motar fetur mai girmanta takan sha lita talatin ko fiye a tafiyar kilomita 400, ga shi a watan Oktoba na 2024 lita ta wuce Naira 1,000 a garuruwa da yawa. Riba a fili take ga mai wuta. Amma a cikin Oktoban nan ne garuruwan Arewa masu yawa suka fi mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Wanda ya koma cika motarsa da janareta a waɗannan kwanaki, fetur ɗin da ya guje wa shi ya saya, sai dai ya biyo da shi ta bayan gida.

Sa'an nan maganar nisa, wadda ita ta fi tayar da hankalin sabon mai mota. Takarda ta ce tana cin wajen kilomita 480 da ciko ɗaya. Wannan awon gwaji ne. Ka zuba mata uwargida da yara da buhun shinkafa, ka kunna na'urar sanyi cikin zafin bazara, ka taka ta bisa babbar hanya, lalle adadin zai ragu, gama gudu mai yawa shi ya fi cinye batir. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Zuwa ba wuya, dawowa ita ke son shawara, sai ka san gidan da za ta kwana a jone. Ba a fafe gora ran tafiya. Masu ƙera irin waɗannan motoci kuma sukan ce kada a riƙa cika batir maƙil kullum, kada a bar shi ya ƙare ƙaf, kada a shanya mota a rana, domin zafi na tsufar da shi. Rumfa ke nan ta shiga cikin kuɗin mota.

Ni a ganina babban haɗari ba wuta ba ne, gyara ne. Ƙarfin da ke cikin batirin ya haura volt 300, yana kisa. Bakanikenmu na bakin hanya gwani ne a kan injin fetur, amma wannan wani ilmi ne dabam, kada a kai masa don sabo. Kuma mai sayen sabon abu shi ke fara ɗanɗana aibinsa: a 2021 kamfanin Hyundai ya yi kiran Kona fiye da 75,000 a duniya don a sake musu batir saboda tsoron gobara. Wanda ya saya a hannun wakili mai takardar lamuni, yana da wurin kai kuka. Wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa, ya tambaya tun kafin ya biya, wa zai ɗauki nauyin batir, shekara nawa, kuma a rubuce. Almajiranmu masu hannun sana'a kuwa, ga ƙofa a buɗe, ina roƙon malamai su ƙarfafa musu gwiwa su koyi wannan gyara.

Saura abu guda da ya shafi cikin gida. Motar ba ta da ƙara in tana tafiya a hankali, har ƙasashen Turai suka kafa doka tun 2019 a riƙa sa wa sababbi wani sauti na gargaɗi. Yaranmu da awakinmu da kunne suka saba kauce wa mota. Mai ita ya kewaya ya duba ƙarƙashinta da bayanta kowace safiya kafin ya fitar da ita daga ƙofar gida.