Oba-obar 'Yan Sanda: Sirrin Farmaki da Haƙƙin Jama'a

Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, inda ake ta kai ruwa rana kan wanda ya cancanci jin abin da 'yan sanda ke faɗa wa juna ta oba-oba.

Shekaru da dama, duk mai na'urar sikana a ƙasar yana iya kama zangon 'yan sandan garinsu ya saurara. Da ita 'yan jarida ke sanin inda gobara ta tashi ko aka yi harbi. Da intanet ta zo, shafuka irin su Broadcastify suka kai wannan zance cikin wayar kowa, har da ta mai laifi.

An ga illar haka a watan Afrilun 2013, bayan harin bam da ya kashe mutum 3 a gasar gudun fanfalaki ta Boston. Yayin da rundunonin farmaki na SWAT ke bi gida-gida a garin Watertown suna neman Dzhokhar Tsarnaev, wanda ake zargi da kai harin, dubban mutane na saurare suna watsa abin da suka ji a Twitter. Sai da 'yan sanda suka fito suka roƙi jama'a su daina bayyana inda jami'ai suke. A makon ne kuma aka yaɗa sunayen waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a matsayin maharan, wai an ji su a rediyon 'yan sanda. Saboda haka babu mai hankalin da zai ƙi a kulle zangon rundunar farmaki da lambobin sirri, domin rayukan jami'ai da na waɗanda aka yi garkuwa da su ne a kan siraɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu birane sun wuce nan. Chicago ta kulle zangunanta, jama'a sai dai su ji bayan minti 30. A 2023 New York ta fara kulle har da zancen sintiri na yau da kullum. Wannan ya zama toshe kunnen al'ummar da ke biyan jami'an albashi.

Abin da ya faru a Uvalde ta jihar Texas ya isa hujja. Ranar 24 ga Mayun 2022, ɗan bindiga ya kashe yara 19 da malamai 2 a wata firamare. Jami'ai 376 suka hallara, amma sai bayan minti 77 aka kutsa ajin da ɗan bindigar yake, yara na ciki suna kiran lambar gaggawa ta 911. Shugaban 'yan sandan makarantun ma ya shiga ba tare da oba-obarsa ba. Bayanin farko da hukuma ta yi ya saɓa da gaskiya. Bincike da faya-fayan murya da na bidiyo ne suka nuna wa iyaye yadda aka bar 'ya'yansu.

Matsayinmu shi ne: a kulle zangon farmaki muddin ana cikin aiki, a bar na sintiri a buɗe ga 'yan jarida, sannan doka ta tilasta naɗar kowace magana da miƙa ta ga masu bincike da iyalan mamata da zarar ƙura ta lafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka damƙa wa bindiga da sunan jama'a, dole ne jama'a su san umarnin da ya bayar da kuma lokacin da ya yi shiru.